Dutsen Kilfarra da Aka Musanya a Catford

Da safiyar wata Laraba a shekarar 1975, ana irin yayyafin nan na London da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki, aka buga waya ofishin 'yan sanda na Lewisham aka ce an sace dutse.

"Na lu'ulu'u?" in ji Sufeto Hambali.

"Na rafi," in ji Sajan Briggs, yana ɗaukar hularsa. "Taso mu je. Akwai ɗan ƙasarku a ciki, tun ɗazu aka kawo shi."

Hambali ɗan sandan Najeriya ne da gwamnati ta turo kwas na shekara guda, a zamanin da kuɗin mai ya sa kowace ma'aikata ke tura mutanenta Ingila ko da koyon buga hatimi ne. Ba shi da ikon kama kowa a nan. Aikinsa ya bi Briggs ya ga yadda ake yi, ya kuma yi tafinta idan wani daga gida ya shiga uku. Amma mutum ne mai shegen son sani, in abu ya tsaya masa a rai ko shayi ba ya iya sha cikin daɗi.

Wanda aka kama sunansa Zailani, malamin makaranta ne daga Gumel da ya bar mata da 'ya'ya biyu ya zo karatun injiniya. Da yamma yakan share wani ofishin dillalan gidaje a Catford don ya cike kuɗin haya. Jarrabawarsa ta ƙarshe mako mai zuwa ce. Briggs ya ce in aka gurfanar da shi gobe, ofishin jakadanci zai janye tallafin karatunsa, a saka shi a jirgi ya koma gida hannu rabbana bayan shekara huɗu yana shan sanyi.

Ofishin dillalin ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da kifi da mai wankin kaya. An cika tagarsa da hotunan gidajen ƙauye na sayarwa: fararen ɗakuna masu jinka, ga tumaki a baya, ga korayen tuddai. A sama an rubuta Kilfarra, wani ƙauye a yammacin Ireland. Hambali ya tsaya yana kallo yana mamaki. A garinsu kowa rige-rigen cire jinka yake yi ya sa kwano, a nan kuwa jinkar ake tallatawa da tsada.

Mai ofishin, Mista Doyle, ya tarye su a bakin ƙofa. Ya nuna musu wani ɗan matashi kore a tsakiyar tagar. Dutse ne a kai, baƙi-baƙi, sumul, girman ƙaramar gwanda.

"To ai ga dutsen nan," in ji Briggs.

"Ba shi ba ne. Wani aka ajiye a gurbinsa. Na gaskiyar yana da ɗan rami a gefe ɗaya, kamar an danna babban yatsa a kai."

"An fasa ƙofa?"

"Ko ƙwarzane babu. Makulli uku ne: nawa, na sakatariyata Margaret, da na mai shara."

"Wani ya taɓa neman sayen dutsen?" in ji Hambali.

"Babu wanda ya taɓa," in ji Doyle da sauri, ya kau da kai.

Hambali ya nemi izini ya ɗauki dutsen. Gefe ɗaya ya fi santsi, har yana sheƙi, irin santsin da hannu ne kawai ke yinsa a hankali cikin shekaru. Ya kai shi kusa da ido don ya duba, sai hancinsa ya riga idon. Turaren wuta. Ba na kantin London ba, irin wanda mata ke haɗawa da kansu a gida, ya kama zane ya kama bango. Rabonsa da jin wannan ƙamshi tun ranar da ya yi sallama da mahaifiyarsa.

Ya miƙa wa Briggs dutsen ya adana. In ya gaya wa Briggs cewa dutsen na ƙamshin ƙasar Hausa, ya gama ɗaure Zailani da bakinsa ke nan.

Margaret tana ɗakin baya tana haɗa shayin da ba wanda ya nema. Dattijuwa ce siririya, idonta ya yi ja. Hambali ya zauna a gabanta ya tambaye ta abin da ke cin ransa tun a mota.

"Baiwar Allah, me ya sa dutsen rafi ya isa a kira 'yan sanda?"

"Ni 'yar Kilfarra ce," in ji ta, kamar wannan ya isa amsa. Da ta ga bai isa ba sai ta ci gaba. Ta ce a zamanin da, mahara suka fito daga teku suka ƙone ƙauyen. Wata mai tatsar shanu mai suna Farra ta kwashi yaran gari ta gudu da su kan tudu. Ƙishirwa ta kusa kashe su. Sai ta durƙusa ta danna yatsanta a kan wani dutse tana roƙon Ubangiji, ruwa ya ɓuɓɓugo daga ƙarƙashinsa. Rijiyar tana nan har yau, ita ma alamar yatsan tana nan. Tun daga lokacin, ba a ɗaukar gida ya canza hannu a Kilfarra sai mai saye da mai sayarwa sun ɗora hannu tare a kan dutsen. Takarda ta lauya ce, dutsen shi ne na mutanen gari.

"To me ya kawo shi London?"

"Gari ya zama kango. Samari duk sun tafi Amurka da Ingila, gidajen da ke tashin hayaƙi ba su taka kara sun karya ba. Dattawa suka yi ta gardama, daga ƙarshe suka ba Mista Doyle aro, ko Allah zai sa a sami masu saye gari ya sake jin kukan jarirai. In suka ji ya ɓata, ba za su sake sayar da ko akurki ba."

"Wa ya fara gane an musanya?"

"Ni. Da ido na gani."

"Kin taɓa shi?"

"An hana kowa taɓawa."

Hambali ya juya ya kalli tagar. "Gefen da ramin yake, titi yake kallo ko cikin ofis?"

Ta ajiye cokali. "Titi," in ji ta. "To, na taɓa. Kullum da safe kafin maigida ya zo nakan sa yatsana a ramin in yi wa mahaifiyata addu'a. Jiya da shekaranjiya ban zo aiki ba. Yau na sa yatsa na ji ba rami."

"Ba laifi ba ne wannan. Amma tunda kin fara gaskiya, ƙarasa mini. Da gaske ba wanda ya taɓa taya dutsen?"

Ta leƙa ƙofa ta rage murya. Ta ce makon jiya wani mai sayen kayan tarihi ya shigo ya yi tayin da ya sa Mista Doyle zufa. Doyle ya ƙi, amma sai da ya yi jinkirin da bai kamata ba, shi ya sa yake jin kunyar faɗa.

"Su wa ke ofishin a lokacin?"

"Wani attajirinku, Alhaji Uwaisu. 'Yarsa na karatun likita a Dublin, yana son ya saya mata gidan hutu. Da kuma saurayin da ke riƙe masa jaka, Abdulƙadir. Yaro mai ladabi. Shi ya raka baƙon har mota da lema."

Da suka koma ofishin 'yan sanda da dutsen, Hambali ya shiga ɗakin da aka tsare Zailani. Ya same shi zaune a bakin gadon ƙarfe ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ji sallama da Hausa sai ya zabura ya miƙe.

"Yallaɓai, wallahi ban ɗauka ba."

"Zauna, Malam. Makullinka ya taɓa barin hannunka?"

"Bai taɓa ba."

"Ko na minti ɗaya?"

"Ko na minti ɗaya, Yallaɓai."

Yana faɗa yana kallon takalmin Hambali. Hambali ya ɗauki kwat ɗin Zailani da ke rataye a jikin kujera kamar zai gyara masa, ya shinshina. Kananzir na hitar ɗumama ɗaki, da man goge daɓe, da ɗan ƙaurin kifin gwangwani. Wannan warin ɗakin gwauro ne a Catford, ba inda turaren wuta ya taɓa bi ta kusa da shi.

"Wa ya samo maka aikin sharar?"

"Yaya Abdulƙadir. Garinmu ɗaya. Da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba, ko jirgin ƙarƙashin ƙasa ban iya shiga ba. A flat ɗinsa na zauna har na sami ɗaki, bai karɓi kwabona ba."

"Ka san gobe za a kai ka kotu?"

"Na sani."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani, Yallaɓai," in ji shi. "Matata ta riga ta fara gaya wa mutane ina dawowa da digiri."

"Kuma duk da haka makullin bai bar hannunka ba."

Zailani ya sake kallon takalmin nasa. Hambali ya ji haushi da tausayi sun haɗu masa wuri ɗaya. Ya san irin wannan taurin kai, na mutumin da aka yi wa alheri sau ɗaya ya mai da shi igiya a wuyansa.

A waje Briggs ya ce shi bai ga abin wahala ba: mai shara na da makulli, mai shara na da buƙata. Hambali ya ce ya ba shi yammacin nan kawai. Sai a lokacin ya gaya masa maganar ƙamshin, ya kuma tambaye shi inda mutum zai tsinci dutsen rafi mai wannan girma a tsakiyar London. Briggs ya yi tunani ya ce gaskiya sai dai bulo.

"To wani ya shigo da shi daga gida," in ji Hambali. "Kuma ba wanda zai biya kuɗin awon jirgi a kan dutse sai in yana da aiki da shi. Sa wannan a jaka mu tafi da shi."

Gidan Alhaji Uwaisu na wata unguwa ce ta masu hali a arewacin birnin. Tun kafin a gama buɗe ƙofa ƙamshin ya fito ya tarye su, shi ɗin dai, ba wani ba. Wanda ya buɗe saurayi ne fari dogo, cikin kwat mai tsada, ya gaishe su da Turanci mai kyau sannan ya rusuna wa Hambali da Hausa. Shi ne Abdulƙadir, ɗan 'yar'uwar Alhaji.

Alhaji yana falo cikin babbar riga, ga waya a gefensa. Ɗan kwangila ne da siminti ya yi wa rana. Ya ce ya ji labari, kuma abin ya ɓata masa rai, don ya riga ya yi booking ɗin jirgi zuwa Dublin, yanzu ga shi an yi cancel ɗin komai. Maganar dutse kuwa, shi tun farko ya gaya wa Doyle ba zai rantse da dutse ba, amma in ɗora hannu ne kawai don a mutunta mutanen gari, ba zai ƙi ba.

"Kai fa, Abdulƙadir?" in ji Hambali. "Yaushe rabonka da Zailani?"

"An kwana biyu, Yallaɓai. Wallahi na ji kunya da aka ce shi ne. Ni na kai shi wurin. Amma ka san London, tana canza mutum."

"Ka yi magana da mai sayen kayan tarihin nan?"

"Lema kawai na riƙe masa."

Sai wata murya ta tsufa ta fito daga ɗakin da ke kusa. "Su wa nake ji suna Hausa ba a shigo an gaishe ni ba?"

Alhaji ya yi murmushi. Ya ce mahaifiyarsa ce, Hajiya Hansai, an kawo ta aikin ido. Hambali ya ce ai ba zai fita bai gaishe ta ba. Abdulƙadir ya ce likita ya hana a dame ta. Alhaji ya ce gaisuwa ba damuwa ba ce.

Hajiya na zaune a kan darduma, an naɗe mata idanu biyu da bandeji, ga kaskon turare na ci a lungu. Hambali ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi garinsu da iyayensa da ko yana samun tuwo a ƙasar nan.

"Hajiya, da wannan bandejin yaya kike yi da alwala?"

"Ina na ga alwala, ɗan nan? Likita ya ce ruwa kada ya kusanci fuskata. Taimama nake yi. Dama tun da sanyin ƙashi ya kama ni nake yawo da dutsen malam, mijina, Allah ya jiƙansa. Daga rafin garinmu ya ɗauko shi tun Uwaisu na goye." Ta laluba gefen dardumar ta jawo wani ƙunshin zane. "Amma tunda ka tambaya, kai ɗan sanda ne, bari in kai maka ƙara. An canza mini dutse."

"Inna, kin fara ko," in ji Alhaji daga bakin ƙofa. "Maganin da ake ba ta ne, Sufeto. Tun shekaranjiya take wannan magana."

"Maganin ne ya haƙa masa rami? Na gaya wa mai gidan nawa," ta nuna inda take jin numfashin jikanta Abdulƙadir, don haka take kiransa cikin wasan kaka da jika, "ya ce wai faɗuwa ya yi ya lotsa. Na ce kai miji, ka taɓa ganin dutse ya lotsa kamar kwanon sha? Idona aka rufe, ba hannuna ba."

Hambali ya karɓi ƙunshin da hannu biyu ya kwance. Baƙin dutse ne sumul, girman ƙaramar gwanda. A gefe ɗaya ga ɗan rami, daidai babban yatsa. Ya miƙa wa Briggs, ya buɗe jakar ya fito da ɗayan, ya ɗora a tafin Hajiya.

Ta shafa shi sau ɗaya, ta juya shi, hannunta ya zauna a gefen mai sheƙi. "Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ga shi nan. Ina kuka samo shi?"

Hambali ya miƙe ya ce a koma falo, don bai so a yi sauran a gabanta.

A falo Abdulƙadir ya fara cewa wataƙila masu aikin gida ne. Alhaji ya ce ba mai shiga ɗakin Inna sai su biyu. Abdulƙadir ya ce to wataƙila Zailani ya zo gidan. Hambali ya ce ai yanzu ya gama faɗa cewa an kwana biyu ba su haɗu ba. Daga nan sai saurayin ya zauna a hannun kujera, kwat ɗin nan mai tsada ta yi masa yawa.

"Ranar Lahadi na karɓi makullin," in ji shi. "Na ce masa na manta takardun Kawu a ofishin, in Kawu ya sani zai ci mutuncina, kada ya gaya wa kowa. Mai sayen ya tafi Paris, sai Asabar zai dawo. Na rasa inda zan ɓoye shi, kuma na rasa abin da zan ajiye a tagar. Sai na ga na Hajiya. Na ce ba ɗan sandan da zai kwance dardumar tsohuwa mara lafiya. Ita kuma ba ta gani. Na ɗauka dutse dutse ne."

"Me ka rasa a gidan nan?" in ji Alhaji, a hankali ƙwarai.

"Kawu, kowa na yin kuɗi. Waɗanda na fi su a makaranta suna sayen gidaje a nan. Ni jaka nake riƙewa."

"Da aka kama Zailani fa?" in ji Hambali. "Ka ji tun da safe."

"Na san ba zai faɗa ba."

Wannan amsar ce ta fi ƙona wa Hambali rai a duk abin da ya ji ranar. Briggs ya karanta wa Abdulƙadir haƙƙinsa ya kama hannunsa. Alhaji ya juya musu baya ya tsaya a taga. Suna fita suka ji Hajiya daga ɗaki tana tambaya ina mijin nata za shi cikin ruwan nan, ya ɗauki lema.

A ofis, Briggs ya sa aka saki Zailani kafin a gama rubuta bayanin Abdulƙadir. Hambali ya gaya masa komai a tsaye a baranda, bai rage ba bai ƙara ba. Zailani ya saurara, ya ce Allah ya kyauta, ya tambaya ko jarrabawarsa na nan. Hambali ya ce tana nan, sunansa ba zai je kotu ba balle ofishin jakadanci. Sai mutumin ya jingina da bango ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Da ya natsu ya roƙi a bar shi ya koma ɗakin da aka tsare shi na ɗan lokaci, sannan ya fito ya tafi neman bas.

Can aka fito da Abdulƙadir za a kai shi ciki. Da ya zo daidai Hambali ya tsaya.

"Yallaɓai, don Allah kada a gaya wa Zailani ni ne. A ce masa wani ne."

"Ya riga ya sani. Tun da safe ya sani, ya zaɓi ya tafi kotu a madadinka."

"Ya zage ni?"

"Bai zage ka ba." Hambali ya tura ƙofar ƙarfen. Ɗakin da Zailani ya wuni ne. A kan gadon an ninke bargo tsaf, an ɗora kwat mai warin kananzir a kai. "Cewa ya yi ɗakin akwai sanyi, kuma Yaya bai saba ba."

Abdulƙadir ya tsaya yana kallon kwat ɗin, har sai da Briggs ya dafa kafaɗarsa ya shigar da shi ya ja ƙofa.